Rishon da Ya Tona Mini Asiri

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta lokacin sanyi ba, a shekarata ta ƙarshe ta karatu a Makka, ranar da wani ɗan risho da bai kai tafin hannu ba ya tona mini asirin da na yi shekara huɗu ina ɓoyewa.

Bari in fara da laifina. A lokacin ina shan sigari. (Na daina, don Allah kada wani ya kai wa mahaifiyata labari.) Kara biyu a rana, a saman bene, in bi da asuwaki da turare, ko abokin ɗakina Sanusi bai sani ba. Ga shi kuma ina jiran takardar tazkiyya, wato shaidar kyawun hali, daga hannun Malam Habibu, wani Bakatsine da muke karatun hadisi a gidansa a unguwar Zahir. Sai da takardar nan zan iya neman gurbin digiri na biyu.

Wata rana Malam ya ce mu fita daji mu sha iska, mu taka da ƙafa, kowa da kayansa a baya. Aka raba aiki. Ni sarkin iya yi na ce a bar mini rishon gas.

Na tafi shagon Ammu Isa, wani dattijo Bahaushe da iyayensa suka zo ta Sudan. Ya jera mini uku: babba mai tukunya, matsakaici mai faɗin gindi, da wani ɗan mitsitsi da ake naɗewa, mai maɓallin da ke tayar da wuta da kansa. Ina ɗaga shi na ji kamar ban ɗauki komai ba, nan take ya shiga raina.

"Ya waladi, ɗana, ɗauki na tsakiyan nan," in ji Ammu Isa. "Ƙaramin kuwayyis ne, yana da kyau, amma ba ya zama daram, maɓallinsa kuma ba shi da alƙawari. In ka nace, sa ashana a jaka."

Na ce masa ai zamani ya wuce ashana. Ya ce, "Halas, shi ke nan, kai ka sani." Mako guda na yi ina nuna wa duk wanda ya shigo ɗakinmu, ina danna maɓallin ƙyas-ƙyas, har Sanusi ya ce zai canza ɗaki.

Ranar Asabar muka wuce Arfa, muka ajiye mota a gefen hanyar Ɗa'ifa, muka yi tafiyar awa guda cikin wani kwari. Mu tara ne har da Malam. Bayan La'asar aka shimfiɗa tabarma, iska mai sanyi na kaɗawa, Malam ya ce kansa ya fara sarawa, a ɗora shayi. Na fito da rishona, sai da na yi ɗan jawabi a kan rashin nauyinsa, sannan na danna. Ƙyas. Na sake dannawa. Ƙyas. Gas na ta huci, wuta ta ce ba ta san zancen ba.

"Wa ke da ashana?" Malam ya tambaya.

Kowa ya yi tsuru-tsuru. A cikin ɗaliban hadisi, wanda duk ya ce yana da abin kunna wuta a aljihu sai ya yi bayanin dalili. Sanusi har duwatsu ya ɗauko yana ƙyastawa. Ni kuwa ga laita a cikin kwalin sigarina, kwalin kuma a cikin safata. Malam ya dafe goshi, idanu duk suka dawo kaina.

Sai dabara ta zo mini. Na ce zan kewaya. A bayan wani dutse na zaro laitar, cikin sauri na cusa kwalin a aljihun gaban jallabiyata (ga inda hankalina ya tsaya ke nan), na dawo baki har kunne.

"Allah gafarta Malam, ashe ina da laita ta kunna turaren wuta."

"Masha Allah, Allah ya yi maka albarka," in ji Malam.

Wuta ta kama, aka yi ta yaba mini. Sanusi ya ɗora buta cike da ruwan mutum tara a kan ƙafafun rishon nan uku masu kama da tsinken sakace. Iska ta bugo, buta ta karkata. Na yi wuf na sunkuya in tare ta. Butar dai na cece ta. Kwalin kuwa ya sulluɓo daga aljihuna ya faɗi a tabarma, ya buɗe baki, karare uku suka gangara har gaban gwiwar Malam.

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Malam ya ɗauki kara ɗaya, ya juya shi, ya shinshina.

"Malam ƙarami, wannan turaren na Hindiya ne ko na Kambodiya?"

Sanusi ya faɗi gefe yana riƙe ciki. Malam ya tattara kayana ya sa a aljihunsa, ya sha shayinsa kofi biyu. Ni ko ɗanɗanon nawa ban ji ba.

Bayan mako guda na daure na je maganar takarda. Ya ce, "Ka dawo ranar da za ka iya rantse mini wata uku ba ka kunna turare ba." Kafin wata ukun su cika an rufe karɓar takardu, sai da na jira shekara ta zagayo.

Tun daga nan, duk wanda ya nemi shawarata kan rishon tafiya, nakan ce ya duba faɗin gindin rishon kafin nauyinsa. Mai abin ɓoyewa a aljihu bai kamata ya sayi abin da zai sa shi sunkuyawa a gaban malaminsa ba.