Tsiron Dzarma da Almakashin Mai Girma

Jiya tun hantsi nake layin mai da jarkar janaretana, ina isa bakin famfo aka ce ya ƙare. Ina komawa Gwange da jarka fayau sai ga maƙwabcina Dzarma, rungume da takardar yabo cikin gilashi, fuska kamar an yi masa rasuwa.

Dzarma yana da ɗan fegin gona a Khaddamari. Kwanakin baya wasu masu manyan riguna suka koya wa manoman can sabon noma: a barbaɗa iri a tire, kwana goma a yanke ɗan tsiron, masu gidajen abinci su saya da tsada. Ni dai a sanina akuya ce ke cin shuka tana jaririya, amma wane ni da musu da masu digiri? Iri kuwa aka ce yana hanya. Dzarma ya juye na alayyahu da yakuwa da ya adana don damina, tunda Madam Ketura mai gidan abinci ta ce za ta saye tsiron duka.

Rana ta goma ya ɗauko almakashi, sai wani jami'in gwamnati ya bugo waya. "Kul! Mai Girma Uban Manoma ne zai yi yankan farko."

"Ranka ya daɗe, abin nan ba ya jira."

"To Mai Girma ne zai bi lokacin ganye?"

Sau uku ana ɗage bikin yankan saboda hidimomin Mai Girma: taro, ta'aziyya, sai fita waje duba lafiya. Tsiro ya zanƙale, ya yi rawaya, ya kwanta. Ketura ta gaji ta koma wa latas. Sai jiyan nan aka yi bikin, aka miƙa masa takardar yabon.

Na ce, "To me aka yanka a bikin?"

"Alayyahun Kasuwar Litinin, Malam. Dami biyu suka sayo suka soke a tirena. Mai Girma ya ce namu ya ninka na Turawa girma. Aka yi ta tafi."

Wallahi raina ya ɓaci, amma dole a jinjina wa manya. Motoci ashirin suka raka almakashi ɗaya, na kuma gane inda man jarkata ya tafi.

Hadari ya fara haɗowa ta gabas. Na tambayi Dzarma me zai shuka bana. Ya kalli sama, ya cusa takardar cikin riga. Ya ce jami'in ya ja masa kunne kada ruwa ya taɓa ta.