Masu Binciken Wata Sun Ari Majonmu

Jiya da hantsi na ɗora mai ɗakina Rakiya a kan amalanken jaki, kwananta uku da zazzaɓi, na nufi ɗakin shan magani na garinmu. Na tarar da kwaɗo a ƙofa. Inusa mai shayi ya ce Majo Garba, ma'aikacin lafiya ɗaya tilo da muke da shi, yana bakin tafki tun ranar Litinin. Waɗansu Masu Girma Masana sun zo daga birni da farar mota kat-kat, suna binciken yadda farin wata ke taɓa lafiyar mutane da ruwan tafki, sai suka are shi ya yi musu tafinta.

Ni fa na yaba. Shekaru muna roƙon a waiwaye mu, yau an waiwaya, sai dai an ɗaga kai sama da yawa.

Na juya jaki zuwa tafki. Sun kafa wani sanda mai zane-zane cikin ruwa, mutum uku na duba shi, na huɗu na rubutu. Wani masunci, Maman, ya gaya mini ruwa ya ragu da yatsa biyu, Masana sun ce aikin wata ne. Shi kuwa ya nuna musu injinan masu lambu da ke zuƙar tafkin tun asuba, aka ce babu gurbin wannan a takarda.

Na tambaye shi ko suna kwana su ga watan. Ya ce ina, la'asar na yi suke komawa Maraɗi, direba ba ya son tuƙin magariba. Kwana huɗu suna binciken wata, ba su taɓa haɗuwa da shi ba a nan.

Da Shugaban Masana ya ji akwai mara lafiya, murna ta kama shi. Ya sa Majo ya tambayi Rakiya nawa ga wata ciwon ya fara. Ta ce takwas. Ya rubuta, ya ja layi, ya ce mu dawo ranar sha huɗu a ga ko zazzaɓin zai hau tare da wata.

A nan raina ya ɓaci. Na ce: "Ranka shi daɗe, shi watan ba ya zuwa ko'ina. Ita ce ban da tabbas."

Majo bai fassara ba. Ya taɓa goshinta, ya zaro ƙwayar nivakin daga aljihu, ya ce mini a hankali: "Sauro ne, ka ba ta yanzu."

Yau ta sha kunu, alhamdu lillahi. Inusa ya ce mata biyu sun koma gida da yaransu daga bakin kwaɗon nan.

Idan Masu Girma na neman abin rufe rahoto, ga gudummawata kyauta. Bayan magariba na leƙa watan daga tsakar gida, lafiyarsa ƙalau. Su maido mana Majo.