Rasuwar Hoton Tungar Bappa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ta ƙi zama wuri ɗaya, Malam Sahabi, mai kula da tsoffin takardu a wani ofishi a Yelwa, yana sanar da rasuwar tsohon hoton gidansu, irin wanda ake ɗauka a jikin gilashi. Shi kaɗai ne hoton da ya rage na Tungar Bappa, garinsu na asali, tun da ruwan madatsar Kainji ya cinye ta.

Marigayin mai kunya ne. Sai an ɗaga shi ga rana yake nuna abin da ke cikinsa, shi ma a juye, fari ya koma baƙi: tsamiyar bakin gulbi, jirage a ɗaure, da mahaifin Sahabi riƙe da taru. Ba a taɓa jin muryarsa ba, sai ɗan "ƙyal" in an mayar da shi kwanon da yake kwana.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. An kira Malam Sahabi zuwa Sakkwato don wani kwas na bambance ire-iren hotuna da yadda ake adana kowane, aka ce kowa ya zo da tsohon hoto. Malam kuwa ba ya kai nasa gaban manya da dauɗa. Ya yi masa wanka irin na allo, har da ƙarin ruwan zafi da sabulun salo, yana kallo garin ya saɓule daga gilashin ya bi ruwa a karo na biyu. Darasin farko a Sakkwato shi ne irin wannan hoto ba ya shiri da ruwa. Tun ranar Malam bai zauna ya gama cin tuwo ba, daga bakin gulbi sai ofis, daga ofis sai bakin gulbi.

Marigayin ya bar kwanonsa, da ƙyallen da ake naɗe shi, da Inna Dudu, mahaifiyar Malam, wadda idonta ya yi rauni.

An shirya kai gawar, wato gilashin da ya rage, a jirgin Mamman masunci, a sauke ta a ruwa daidai inda garin yake kwance, amma ba a sa rana ba. Ana roƙon masu ta'aziyya su tsaya a ofis, don Allah kada su je gida. Inna ba ta sani ba tukuna. Ko Juma'ar da ta wuce ta ɗaga gilashin ga rana, ta ɗora yatsa inda babu komai, ta nuna wa Sahabi mahaifinsa, shi kuma ya ce mata ya gani.