Ranar da Na Dafa wa Shugabata Ciyawa

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da aka yi ta rage ma'aikata, lokacin ina aikin bincike a wata jami'a a Manchester. Mu biyu ne a kan kwantiragi, ɗaya za a riƙe. In ni aka sallama, sai dai in tattara in koma Erdington, in raɓe a ɗakin 'ya'yan Yaya Binta. Shugabarmu mai yanke hukuncin 'yar asalin Yukiren ce.

Tsimi ya kai ko walimar ƙarshen zango sai aka ce kowa ya zo da girkinsa. Na ce ga dama ta samu, zan dafa mata borsh, jar miyar nan tasu ta bitirut, wata jar saiwa mai kama da dankali. Da na tsaya nan da an rabu lafiya. Amma ni mai bincike ce (abin da ke kashe ni ke nan), sai na tono asalin kalmar. Ashe tun farko ba ruwanta da bitirut. Sunan wata ciyawar daji ce mai farin fure kamar laima, da ita kakanninsu ke miyar. Daga baya bitirut ya ƙwace tukunyar, sunan kuma ya zauna.

Ni da na tashi da tsinkar tafasa da damina, ciyawa ce za ta gagare ni? Na taɓa ganin irinta a bakin kogi, har ta fi ni tsawo. Na je da rana tsaka na yanko cike da leda, ko safar hannu babu.

Na kira Yaya ina cika baki. Ta ce, "Ke, ki je supermarket kamar mutane mana. Wa ya aike ki daji?" Na ce ba za ta gane ba, abin na ilimi ne.

Ranar walima hannayena sun yi bororo kamar an watsa musu tafasasshen mai. Na naɗe su da bandeji, na tsaya gaban tukunya na zuba lacca a kan asalin kalmar, na rufe da, "Wannan shi ne borsh na ainihi."

Shugaba ta leƙa tukunyar, ta dubi hannayena, ta mayar da murfi. Ta ce, "Kada kowa ya taɓa. Wannan ba ita ba ce, babbar 'yar'uwarta ce mai dafi. Ki ga likita yau." Sannan ta sassauta murya: "Kakata ta ci ciyawa lokacin yunwa. Har ta mutu ba ta yarda a ambaci zancen ana cin abinci ba."

Kunya ta rufe ni, don mu ma a gida babu mai tarar babban baƙo da tafasa ya ce ya karrama shi.

Abokin aikina aka riƙe, wanda ya zo da biskit na kanti. (Shugaba ta ce ba miyar ba ce sanadi, na kuma yarda, sama-sama.) Na koma Erdington, Yaya na shafa min magani tana danne dariya.

Tun daga nan, in na ga mutane sun bar wani abu na kakanninsu, nakan tambayi dalili kafin in tono musu shi.