Ranar da Na Ba Bango Koko

Ba zan taɓa mantawa da ɗakin nan mai furanni ba, ko da tsufa ya kwashe min sauran.

A shekarar da baƙi da yawa suka ɗaure kaya suka bar Kumasi, maigidana ya karɓi ɗakin wani ɗan kasuwa Bayarabe da ya koma ƙasarsu. Lokacin ina amarya. Da na shiga sai na tsaya baki buɗe. Bangon sanye yake da takarda, ja da kore, furanni tun daga sama har ƙasa. Ni da na tashi a ɗakin da farar ƙasa kawai ake shafa wa, ina na taɓa ganin an ɗaura wa bango zane?

To, Allah Ya yi ni da son sanin ƙwaƙwaf. A inda takarda ta haɗu da 'yar'uwarta, danshin damina ya ɗan ɗaga bakin. Na sa farce don in ga abin da ke baya. (Ba komai, jikokina. Siminti ne.) Gobe na ƙara, jibi na ƙara, har bakin ya saki ya lanƙwaso kamar kunnen akuya.

Ana haka sai surukata, Mma Adiza, ta kira ni tsakar gida.

"Ke amarya, ranar Juma'a dattawan unguwar Buokrom za su zo neman auren Mariyama, ƙanwar mijinki. A ɗakinki za a sauke su, duk gidan shi ne na nuna wa baƙi. Kar ki ba mu kunya."

Wa zan tambaya yadda ake liƙe takardar ban tona wa kaina asiri ba? Sai na kankaro abin da ya bushe a bayan takardar, na ɗora a harshe. Ɗanɗanon gari! Na ce ashe abin bai wuce koko ba. Ni kuwa 'yar mai koko ce, na san wanda ya sha sikari ya fi kama yatsa. Da safiyar Juma'a na dama mai kauri, na zuba sikari ban yi rowa ba, na shafa, na danne da bayan cokali. Ta kwanta luf. Har na ja da baya ina yaba wa kaina.

Bayan an sauko daga masallaci dattawa suka iso, surukina Alhaji ya zaunar da su a tabarma. Babbansu, wani malami mai farin gemu, ya jingina daidai wurin aikina. Ni da Mma Adiza muna bayan labule muna leƙe.

Aka fara addu'a. Sai na ga malam yana ɗaga kafaɗa. Ya sosa wuya. Ya tura yatsa ƙarƙashin rawani. Na zura ido da kyau: kiyashi ne, layi guda baƙi ƙirin, daga bango zuwa wuyan rigarsa. Bawan Allah ya daure har aka shafa fatiha, sannan ya zabura tsaye. Kokon kuwa bai bushe ba. Takardar ta biyo babbar rigarsa, ɓaaar, tun daga sama.

Malam ya shafo bayansa, ya sansana yatsa, ya dubi surukina.

"Alhaji, bangonku ma karya kumallo yake yi?"

Mma Adiza ta juyo a hankali. "Ei! Amarya, me kika ba shi?"

"Koko, Mma."

"Da sikari?"

"Da sikari."

"Ni da na haifa miki miji, ba ki taɓa zuba min kamar haka ba."

Ashe sun ji ta. Dariya ta ɓarke a ɗakin, ni kuwa na ja mayafi na rufe fuska, ina jiran su ɗauki takalmansu. Malam yana kaɗe kiyashi daga gemu ya ce yarinyar da ta fito daga gidan da har bango ake ciyarwa ba za ta bar ɗansu da yunwa ba. A nan aka sa rana.

Daga baya wani kafinta a unguwar Anloga ya gaya wa maigidana yadda ake yi: sitacin rogo tsurarsa, a dafa, a shafa kaɗan, a goge da tsumma, kuma kar kowa ya jingina sai ya bushe.

Abin da na koya shi ne, duk inda ka zuba sikari ka gayyaci baƙi, kuma irin baƙin nan ba su san dattijo ba.