Yadda Za Ka Sa Manhajar Binciken Bayanai Ta Yi Gudu Kafin Manaja Ya Sallame Ka

Kai da aka ba wa amanar intanet ɗin ofis, share gumi ka zauna. Na san Manaja ya leƙo ɗakinka ya ce: "Wannan abar taka ta fi tsohuwa nawa. Ko ta yi sauri, ko in nemo wanda zai iya." Bi matakan nan, na rantse kujerarka ba za ta motsa ba. Ban taɓa ganin wanda ya bi su ya koka da jinkiri ba.

1. Gane ciwon

Duk saƙon da ke shiga ofis ko fita, ƙulli-ƙulli yake tafiya a cikin waya. Aikin manhajarka ta kwance kowane ƙulli, ta leƙa ko ɓarawo ya ɓuya a ciki. Abin da ke cinye mata lokaci ke nan. Wato ciwonta bai wuce tsoron Allah ba, kuma yana da magani.

2. Sayi lokaci

Shiga ɗakin manyan kwamfutoci, dafa ɗaya, ka janye hannu kamar ka taɓa tukunya. Ce zafi ne. Za a kawo fanka. Ba za ta gyara komai ba, amma kai za ka sha iska.

3. Gyara abin da ido ke gani

'Yar da'irar nan da ke juyawa a allo ita ke tayar wa Manaja da hawan jini. Cire ta, sa kore shar a wurin. Manyan mutane ba sa karanta rahoto, launi suke karantawa.

4. Sauke mata kaya

Nan aikin yake. Umarce ta ta duba ƙulli ɗaya, ta ɗaga wa sauran hannu su wuce. Masana ma suna yin haka, sai dai su suna da kunya, kaɗan suke bari. Kai ba neman suna kake ba, neman abinci kake.

Idan har yanzu tana nishi, bincika inda kaya suka fi yawa. Za ka tarar daga kwamfutar Manaja suke fitowa, don tun safe ƙwallo yake kallo a wani shafi da ba a san uban da ya haife shi ba. Kada ka yi gigin faɗa. Koya wa manhajar ladabi: duk abin da ya fito daga ofishin babba, ta sunkuyar da kai.

Dogo, abokin zamanka, zai ce: "Ɗan'uwa, ai ƙofar da ta fi haɗari ka bari a buɗe." Tambaye shi ko shi zai ciyar maka da yara. Zai koma kan shayinsa.

5. Kira Manaja ya gani

Danna maɓalli. Kafin ya gyara tabarau, allo ya yi kore.

"Ka ga aiki!" zai ce. "Da ma na san tsawa kawai kake buƙata. Daga yau tsaron bayanan kamfanin nan duka a wuyanka yake."

Yi godiya har da rusunawa. Buga wa uwargida, ita kuma kafin ka iso gida ta sanar da yayyenta cewa mijinta ya zama babba.

Gargaɗi

Idan wata safiya ka tarar kwamfutocin ofis duk sun kulle, akawu na kuka, Manaja na tambayar wane ne mai kula da tsaro, manhajarka kuma tana nan kore shar tana cewa lafiya lau, to ni ban san ka ba, ban taɓa jin sunanka ba. Abin da za ka faɗa wa surukai ma tsakaninka da su ne. Taimako ɗaya zan iya yi maka: wajen kwashe kayan teburinka, nemi kwalin takardun firinta, gindinsa ya fi ƙwari.