Muciyata a Gidan Suna

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗan Anti Bilki ba, ranar da na so ƙasar Fagge ta tsage in shige.

A hutun nan na fara zuwa shagon Baba Okoro, abokin babanmu a Sabon Gari, mai injin da ke juya katako ana sassaƙa ƙafafun tebur. Inna ba ta so. Ta ce in har ban kawo abin amfani kafin a koma makaranta ba, in dawo gida in koyi ɗinki. Sai na ƙudurta yi mata muciya.

Matsalata ido. Ƙarfen sassaƙan ya ɗan ciji katakon, ya bar wani karce da ko tururuwa ba za ta yi tuntuɓe da shi ba. Na aske wurin. Sai gefensa ya yi tudu, na aske shi ma. Haka na yi ta bi har tsakiyar muciyar ta koma kamar wuyan zabuwa. Baba Okoro ya tambaya daga nesa, "'Yata, lafiya dai?" Na ce lafiya lau (ni da ko a aji ba na ɗaga hannu). Na goge ta da samfefa, ta yi sheƙi, na naɗe a mayafi.

Ranar suna Inna ta ɗaga ta gaban mata. "Ku gani, aikin 'yata ne!" Ta tsoma ta a babbar tukunyar tuwo, ta tuƙa sau ɗaya, sau biyu. A na uku muka ji ƙas! Rabi a hannun Inna, rabi ya nutse.

"Yaya, wannan muciya ce ko asuwaki?" in ji Anti Bilki daga ƙofar ɗaki. Tsakar gida ta kece da dariya, ni kuwa ina ta ƙirga ƙudajen bakin rariya.

Inna ta tsamo guntun da ludayi, ta miƙo mini har da tuwon jikinsa. "Gobe ki kai wa malaminki. Ki buɗe baki ki tambaye shi, kuma kada ki dawo mini da siririya."

Na koma, na tambaya, ya gyara mini riƙon ƙarfe cikin minti biyu. Tun daga ranar na gane gara karcen da ni kaɗai nake gani da gyaran da duk dangi za su ji ƙararsa.